Gwangwani Mai Taga

Takoradi, 1 ga Maris, 1955

Zuwa ga ƙanena Sumana, mai silima a Zangon Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali, kamar yadda muke lafiya a nan. Ka gaishe min da mutanen rumfa.

Na san ba ka saba ganin takardata ba sai da salla ko rasuwa. To ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya mutu. Wani abu ne ya faru a tashar jirgin ruwa ranar Asabar, na kasa riƙe shi ni kaɗai.

Wani jirgin kaya ya zo ɗaukar katako, injinsa ya lalace, an ce sai ya yi sati uku ana gyara. Ina tsaye ina raba wa leburori aiki, sai ga wani dattijo mutumin Sin ya sauko da bokitin shara. Kukun jirgin ne. Ya ajiye bokitin, ya ɗaga kafaɗar hagu, ya goge hanci da babban yatsa. Sumana, nan take na gane shi. Kafin in buɗe baki, wani lebura da ya taɓa zama a unguwar Aboabo a Kumasi ya yar da igiya ya ƙwalla ihu, "Bawah! Wallahi Bawah ne!"

Ka gane wanda nake nufi. Mutumin cikin fim ɗinmu mai gwangwani shida, wanda muka saya tare da inji a hannun Kwaran nan, Balaraben ɗan kasuwa, shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da nake juya hannun inji kai kuma kana tsaye gefen ƙyalle kana faɗa wa jama'a labarin, tunda fim ɗin ba ya magana. Ya tsufa, gashi ya yi fari, amma tabon girarsa yana nan.

Dattijon ya tsorata da ya ga ƙarti sun kewaye shi suna kwaikwayon tafiyarsa. Na kore su, na ja shi inuwa, muka yi magana da ɗan turancinmu na bakin teku. Sunansa Mista Yung. Da na ce masa a Kumasi akwai fim da yake ciki, ya ce ba zai yiwu ba. Da na kwatanta masa sandar da yake rataya kwando biyu a kafaɗa, sai ya zauna a kan buhun koko. Ya ce shi ya yi wasan, kuma shi ya shirya fim ɗin da kansa, a kamfaninsa. Ya ce duk finafinansa sun ƙone a yaƙi, bai san akwai ko ɗaya da ya rage a duniya ba.

Yana so ya gani da idonsa. Ban yi masa alkawari ba, kayan a hannunka suke. Ka ba ni amsa da wuri.

Allah ya bar zumunci.
Ni ne wanka,
Garuba

Zango, Kumasi, 4 ga Maris, 1955

Yaya Garuba,

Gaisuwa da ban girma. Muna lafiya lau, sai zafi.

Kai, Yaya! Sau uku na karanta takardarka. Da wani ne ya rubuto, da na ce rana ta buga masa kai. Bawah a Takoradi? Bawah namu yana zubar da shara? Subhanallahi. Kuma har kana tambaya ko ya zo! Ka ɗora shi a jirgin ƙasa, idan ya ƙi ka ɗaure shi a buhu ka aiko min.

Tun da ka gudu ka bar ni da inji ka koma sarautar leburori, ba ka san abin da Bawah ya zama a nan ba. Ina nuna na Indiya, ina nuna na kaboyi, yara su yi ta fito. Amma ranar da na sa aka yi shela cewa Asabar Bawah ne, tsohuwar rumfar goron nan ba ta ɗaukar mutane. Mahauta, 'yan dako, dillalan shanu, masu gadi daga Bantama, duk wanda ya bar garinsu ya ce shekara ɗaya zai yi. Mu toshe tagogi da buhu bayan la'asar, zufa tana zuba, ba mai motsi.

Yanzu lantarki ke juya injin, ba na bukatar hannunka, ka ji haushi. Amma labarin yana nan yadda ka bar shi. Bawah ya bar uwarsa Hajo a ƙauye, ana hango bayanta daga nesa tana aiki a fadama. Ya shiga birni ya yi dako, aka cuce shi, ya shiga aikin kwalekwale. Ya haye teku, ya tsufa a bakin ruwan wata ƙasa, aka kawo masa takarda, sai a nuna kabari. A nan mata suke fara share hawaye, ni kuwa in ɗaga murya in ce, "Jama'a, ƙarya ce! Maƙiya ne suka rubuta!" Sai in sa gwangwani mai taga, wanda ke da alamar nan kamar taga a jikinsa, na ƙarshe. Ga Bawah a kan hanyar ƙauye, ga Hajo a bakin ƙofa tana goge hannu a zane, ta gane shi, ta fashe da dariya har ana ganin wushiryarta. Idan wani mai gardama ya ce yaya aka yi Bawah ya koma saurayi bayan ya yi furfura, in ce masa, "Kai ma je ka garinku ka sha ruwan rijiyarku ka gani."

Azaratu mai waakye, shinkafa da waken nan, ka tuna ta? Shekara goma sha biyu ba ta taɓa fashi ba. Ta ce ita ba fim take zuwa kallo ba, gaida Hajo take zuwa yi.

Gwangwani mai tagar nan ya sha faci har na daina ƙirgawa, amma fuskar Hajo ko ƙwarzane babu. Ina lallaɓa ta fiye da yadda nake lallaɓa matata, ita ma ta sani.

Ka turo shi. Zan yanka kaza.

Ƙaninka,
Sumana

Takoradi, 8 ga Maris, 1955

Zuwa ga ƙanena Sumana.

Bayan gaisuwa, na sami takardarka, da baƙar maganar da ke ciki.

Kyaftin ya ba Mista Yung kwana biyu. Zai shigo jirgin ƙasa na safe ranar Asabar. Ni ba zan iya barin aiki ba, sai ka tare shi a tasha. Ka nemi tsohon sojan nan da ya yi yaƙin Bama ya yi muku tafinta, don turancinka na san iyakarsa.

Ka girmama shi, ba ƙaramin mutum ba ne. Ya faɗa min tun yana yaro yake wasa a dandali a wani gari da ake kira Kanton, yana tsalle da sanda. Daga nan aka ɗauke shi fim. Ya fito a ashirin da wani abu, sannan ya buɗe kamfaninsa ya shirya bakwai. Ya ce akwai lokacin da ba ya iya shiga gidan shayi sai mutane sun miƙe. Yanzu albasa yake yankawa, kuma ban ji ya yi ƙorafi ba.

Abu ɗaya ya ɗan dame ni. Da na karanta masa yadda kake ba da labarin, ya sa na maimaita ƙarshen sau biyu. Ya dai kalle ni.

Ka riƙe harshenka a gabansa. Na san ka.

Wanka,
Garuba

Zango, Kumasi, 14 ga Maris, 1955

Yaya Garuba,

Ina gaisuwa. Lafiya muke, amma raina a ɓace yake, kuma kai ka jawo min.

Bari in fara da mai daɗin. Tun daga tasha aka gane shi. Kafin mu kai Zango mun zama ayari, 'yan dako suna tafiyar Bawah a gabanmu, mahauta suna ɗaga wuƙa suna kirari. Azaratu ta durƙusa ta gaishe shi, ta cika masa kwano da waakye, ta tambaye shi yaya Hajo. Soja ya rasa yadda zai fassara, ya ce masa, "Tana gaida mamanka." Dattijon ya sunkuya mata har sau uku. Ya ci kazata da wasu tsinkaye biyu da ya zaro daga aljihu, yara suka yi ta leƙe.

Bayan la'asar na zaunar da shi a kujerar gaba. Rantsuwa nake maka, ban taɓa fassara kamar ranar ba. Na ɗaya, na biyu, na uku, ina satar kallonsa, yana murmushi, leɓɓansa suna motsi tare da na cikin ƙyalle. Da na sa na gaba sai ya ɗan miƙe, ya waiga wajen inji, ya koma ya zauna. Da aka zo kabari na ce ƙarya ce, rumfa ta ɗauki kabbara, ya tambayi Soja me na ce. Da Hajo ta fito bakin ƙofa kuwa, Yaya, mutumin nan ya kama bakinsa da hannu biyu. Kuka yake yi ba sauti. Jama'a suka ce daɗin komawa gida ne.

Da aka watse ya ce in kawo gwangwanayen. Ya jera su a kan benci. Ka tuna rubutun da ke jikinsu? Zane ɗaya, zane biyu, zane uku, waɗannan ko jaki ya gane. Sauran ukun ne suka ba mu wahala: wani kamar taga mai labule, wani kamar kujera, wani kamar mutum mai hula ya buɗe ƙafa yana tafiya. Muka ce mai kujera ya biyo, sai mai tafiya, taga kuwa gida ce, ita ce ƙarshe. To ashe lambobinsu ne. Tagar nan huɗu ce! Kujera biyar, mai tafiya shida.

Ka ji fa. Wai Bawah ziyara kawai ya kai wa uwarsa a tsakiyar labari, ya kwana biyu, ya sake fita. Takardar gaskiya ce. Kabarin gaskiya ne. Fim ɗin a bakin ruwa yake ƙarewa, da tsoho shi kaɗai.

Shekara goma sha biyu ina tsaye gaban dattawa ina rantsuwa cewa maƙiya ne suka rubuta! Kunya ta kama ni har na ji kamar in shige cikin buhun goro. Na ce wa Soja idan maganar nan ta fita, ni da shi ne.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ya ɗora hannu a kan mai taga, ya ce roƙo ɗaya yake da shi. In ba shi wannan. Sauran biyar in riƙe.

Ka ce in riƙe harshena, to ban riƙe ba. Na ce masa wannan ɗayan shi ne fim ɗin, sauran biyar hanya ce kawai ta zuwa wurinsa. Na ce mutanen nan da ya gani, akwai wanda rabonsa da garinsu shekara talatin, a rumfar nan kaɗai yake komawa gida. In tsaya in ce musu me? Na ce ni na saya, ni na yi faci, ni na hana ruwan sama da gara su ci shi, lokacin yana ina? Na ɗauko almakashi na ce zan yanko masa taƙi guda daga inda fuskar tsohuwar take, ya sa a aljihu. Ya riƙe hannuna ya girgiza kai, ya ce kada in yanke ta.

Bai yi gardama ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya kwana a ɗakina, da safe ya naɗe tabarma da kansa, ya gode wa matata, na raka shi tasha.

Kada ka rubuto min wa'azi. Ba zan bayar ba.

Ƙaninka,
Sumana

Takoradi, 17 ga Maris, 1955

Zuwa ga ƙanena Sumana.

Bayan gaisuwa da fatan zuciyarka ta ɗan yi sanyi. Ba wa'azi zan yi ba. Kayanka ne, kuma duk abin da ka faɗa masa a kan mutanen rumfa gaskiya ne.

Mista Yung ya dawo bakin aikinsa. Bai kawo ƙararka ba. Ya ce ka iya magana, ya ce da yana da irinka a kamfaninsa da bai sha wahalar rubuta bayani a jikin fim ba. Jiya da rana muka zauna a inuwar sito, ya ce in rubuta maka wannan da yarenku, don Soja bai ba shi zarafin faɗa ba. Ga shi yadda na iya juya shi:

"Malam Sumana, na gode da abinci da wurin kwana. Matar da kuke kira Hajo ba 'yar wasa ba ce, mahaifiyata ce. Wadda za ta yi wasan ta yi rashin lafiya ranar da muka isa ƙauyenmu ɗaukar hoto, sai na roƙi tsohuwa ta tsaya a ƙofarta. Ta ce ba ta iya ba. Na ce kada ta yi komai, ni zan zagayo ta bayan gida. Na sa sandar kwando a kafaɗa na taho ina tafiyar nan tawa, shi ne ta fashe da dariya, tana cewa kalli babban mai kamfani. Dariyar da kuke gani ke nan.

"Bayan shekara huɗu yaƙi ya zo. Wuta ta ci kamfanin da duk abin da ke ciki. Na gudu a jirgin ruwa da niyyar in dawo in ɗauke ta, hanya ta rufe. A wata tashar ruwa takarda ta same ni. Ni na rubuta wannan ƙarshen da hannuna ina saurayi, don in sa mutane kuka, ban san kaina nake rubuta wa ba. Ba mu da hotonta ko ɗaya. Ina da ƙanwa a Hongkong, ita ta yi jinyarta, ita ta binne ta, idonta ya fara rauni. Hoton da ba ya motsi ba zai yi mata komai ba. So nake ta ga tsohuwa tana dariya. Idan ba zai yiwu ba, na gode da kuka riƙe ta da mutunci, na ga an kula da ita."

Iyakar maganarsa ke nan. Saura tawa.

Ka ce kunya ta kama ka. Ka rage ta, rabi nawa ne. Ni na ce taga gida ce, kai har ka yi gardama ka ce furfurar ba ta hau ba. Ka manta a wane wata muka jera gwangwanayen nan? Sati biyu ne bayan direban motar garinmu Salaga ya tsaya ƙofar rumfa ya ce mana Inna ta rasu, an binne ta tun Laraba. Shekara biyar muna cewa bayan kakar goro za mu je. Na ga yadda fim ɗin ya fi dacewa, Sumana, tun a ranar na gani. Ban iya juya hannun inji a kan wancan ƙarshen ba, shi ya sa na nace. Ban taɓa faɗa maka ba, kuma ina jin shi ya sa ban daɗe a rumfar ba.

An gama gyaran jirginsu. Talata da hantsi za su tashi.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa mu cika da imani.
Wanka,
Garuba

Zango, Kumasi, 20 ga Maris, 1955

Yaya,

Gaisuwa. Amin, Allah ya jiƙanta.

Ranar Juma'a bayan an sauko na rufe rumfa, na kalle shi ni kaɗai yadda mai shi ya jera. Ba zan sake ba.

Gwangwanin yana cikin kwandon goro, na naɗe shi da ganye, na ɗaure da jan ƙyalle. Mai gadin jirgin ƙasa na safiyar Litinin zai miƙa maka hannu da hannu. Don Allah ka tsaya a tasha da kanka, kada ka aiki kowa. Ka ce masa kada ya ajiye shi kusa da murhu, abin nan wuta yake kamawa. Akwai faci ɗaya dab da inda take ɗago kai, a juya a hankali.

Jiya Asabar na riga na sa an yi shela, rumfa ta cika. Na nuna biyar. Da tsohon ya zauna a bakin ruwa fim ya ƙare, ƙyalle ya yi fari, kowa yana jira in ce ƙarya ce. Can sai Azaratu ta ce, "Sumana, ina Hajo?"

Na ce ɗanta ya zo ya tafi da ita gida.

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ba wanda ya tashi sai da aka kira magariba.

Ka gaishe shi. Ka ce Zango na gaida ƙanwarsa.

Ƙaninka,
Sumana